Maƙarƙashiya da cutar zargi a littattafan su Pynchon, DeLillo da Eco

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Yace ya lura ƙagaggun labaran tarihi na Amurka da Turai irin waɗanda ake kira fosmodan, kusan duk wanda ya ɗauko sai ya tarar da ƙungiyar asiri a ciki, ko 'yan leƙen asiri, ko wani mutum da zargi ya cinye shi yana ganin komai a haɗe yake da komai. Shin marubutan sun yarda da waɗannan abubuwan ne ko wasa suke da hankalin mutane? Ba su ne suke ƙara rura wutar shaci-faɗin da ya cika intanet ba? Sannan da wanne zai fara?

Toh ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, tambaya uku ka cusa cikin ɗaya. Ta farkon ba wuya. Yawancinsu basu yarda ba. Umberto Eco har ya rasu a 2016 dariya yake yi wa masu irin wannan tunanin. Don DeLillo a ƙarshen littafinsa Libra da kansa ya rubuta cewa shi bai yi ƙoƙarin ba da amsar gaskiya kan kisan shugaban Amurka Kennedy ba, aikin ƙirƙira ne. Thomas Pynchon kuwa baya hira da 'yan jarida, ko hoto baya tsayawa a ɗauke shi, dan haka duk wanda yace maka ya san abin da ke ransa, abin da ke shafi kawai ya karanta kamar kowa. Amma cewa basu yarda ba bai kashe maganar ba, dan su abin da ya dame su shine me yasa mutum mai hankali, mai ilimi, yake jin sanyi a ransa in aka ce masa ai ƙulla abin aka yi.

Shi labarin tarihi na tsohon salo, irin na Walter Scott a ƙarni na 19, marubuci na tsaye ne a sama yana ganin komai, yace maka ga abin da ya faru ga dalilinsa, kai kuma ka karɓa. Salon fosmodan da ya taso daga shekarun 1960 yana baka labarin yana kuma buɗe maka cikinsa kaga ɗinkin: wa ya rubuta takardar nan, wa ya ɓoye waccan, wace shaida aka ɗauka wacce aka zubar. Linda Hutcheon 'yar Kanada ta yi littafi guda a kan wannan a 1988. Kaga kuwa in ka riga ka yarda tarihi wani ne ya zauna ya tsara shi, taki ɗaya ya rage kace da mugun nufi ya tsara.

Sai dai kar ka ɗauka daga ajin falsafa abin ya faro, daga jarida ne. Dubi abin da Ba'amurke ya gani da idonsa cikin shekara 12. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Kennedy a Dallas, bayan kwana biyu wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya harbe wanda ake zargi, Lee Harvey Oswald, a cikin hedikwatar 'yan sanda ana nunawa kai tsaye a talabijin. 1971 jaridu suka fara buga takardun sirrin Pentagon da suka nuna gwamnati bayan gwamnati tana shara wa jama'a ƙarya kan yaƙin Biyetnam. A wannan shekarar dai, daren da Muhammad Ali ya dambata da Joe Frazier hankalin kowa na can, wasu 'yan gwagwarmaya suka fasa wani ɗan ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania suka kwashe fayil-fayil, allura ta tono garma, aka gano shirin COINTELPRO na yi wa ƙungiyoyin baƙar fata da masu adawa da yaƙi zagon ƙasa. 1972 aka fallasa binciken Tuskegee, inda hukumar lafiya ta gwamnati ta shekara 40 tana zuba wa ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ido ba magani, alhali tun shekarun 1940 fenisilin na nan, dan kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Badaƙalar Watergate ta ci kujerar shugaba Nixon a 1974. 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya tono yunƙurin CIA na kashe Castro da Lumumba, ga kuma MKUltra, gwajin ƙwayar LSD a kan mutanen da basu ma san ana yi musu ba, wanda shugaban hukumar Richard Helms yasa aka lalata takardunsa a 1973, abin da ya tsira sai wanda ya maƙale cikin takardun kuɗi aka gano shi a 1977. A 1964 kashi 77 cikin ɗari na Amurkawa na cewa sun amince da gwamnatin tarayya, zuwa 1980 abin ya dawo wajen ɗaya cikin huɗu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu zai yi.

Abin dariya, a watan Nuwamban 1964 masanin tarihi Richard Hofstadter ya buga shahararriyar maƙalarsa a mujallar Harper's kan salon zargi a siyasar Amurka, ya nuna shi a matsayin ciwon 'yan gefe masu zafin kai. Shekara goma bayan nan mai zargin ne yake fitowa da gaskiya a shafin farko na jarida. Abu ɗaya da Hofstadter ya kama daidai wanda marubutan nan suka ɗauka suka yi ta juyawa: mai cutar zargi ba jahili bane, shi yafi kowa son hujja, yafi kowa tara takardu da lambobin shafi, matsalarsa tsallen da yake yi a ƙarshe.

Italiya ma nata ya ishe ta. Bam na Piazza Fontana a Milan 1969, sace tsohon firaminista Aldo Moro da kashe shi 1978, bam na tashar jirgin Bologna 1980 da ya kashe mutum 85, sai a 1981 aka kama jerin sunaye 962 na ƙungiyar asiri ta P2 a hannun Licio Gelli, ciki har da ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri, 1990 kuma firaminista Andreotti ya amsa cewa eh akwai rundunar ɓoye mai suna Gladio. A cikin wannan iskar Eco ya rubuta nasa.

Yanzu ɗauki Libra na DeLillo, 1988, wanda ni a wajena shine gwanin duka. Zare uku ne a ciki. Na farko rayuwar Oswald, yaro mara uba a Bronx da ke shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a taragon gaba ya manna hannu a gilashi yana kallon duhu, sai aikin soja, sai gudu zuwa Tarayyar Sobiyet a 1959, sai dawowa da mata Barashiya a 1962. Na biyu wasu jami'an CIA da haushin faɗuwar harin Bay of Pigs na 1961, wanda aka kai Kyuba dan a kifar da Castro, ke cinsu. Babbansu Win Everett, mutum ne da DeLillo ya ƙirƙira, shi ya tsara cewa za a kai wa Kennedy hari amma a kuskure shi da gangan, a bar sawun da zai kai mai bincike Kyuba, Amurka ta fusata ta afka wa Castro. Yana zaune a ɗakin ƙasa na gidansa da almakashi da salatif yana harhaɗa maharbi na takarda, sunayen bogi, katunan bogi, irin tarkacen da ake samu a walat ɗin mutum. Sai ga Oswald ya ɓullo, ashe shi ma ya riga ya yi wa kansa duk wannan, yana da sunan bogi Hidell da katunan da ya buga da hannunsa. Nan hankalin Everett ya tashi, dan abin da yake ƙagawa ya riga shi zuwa duniya. Daga nan ƙullin ya kuɓuce masa, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wajen wanda ya cire maganar kuskurewar.

Zare na ukun shine wanda nake son ka tsaya a kai. Wani tsohon ma'aikaci ne mai suna Nicholas Branch, CIA ta ɗauke shi ya rubuta mata tarihin sirri na kisan. Ya shiga shekara ta 15 yana zaune a ɗaki ɗaya, takardu sun cika kanta sun sauko ƙasa, kuma mai kula da ma'ajiya bai daina aiko masa da ƙari ba: taswirar haƙoran mahaifiyar Jack Ruby, sakamakon gwajin harsashi a kan gawar awaki, hotunan gawa, bayanan shaidu. Ba abin da aka ɓoye masa, an bashi komai, kuma komai ɗin ne ya hana shi rubutu, sai tarin 'yan bayanai da yake ta yi. Wannan ba ƙari DeLillo ya yi ba, rahoton 1964 na kwamitin Warren da gwamnati ta kafa dan binciken kisan shafi 888 ne, da mujalladi 26 na shaidu da kayan hujja a bayansa. Fim ɗin harbin Kennedy da wani ɗan kallo Abraham Zapruder ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa daƙiƙa 26 ne, hoto 486, an fi shekara 60 ana kallonsa hoto-hoto ba a daina gardama ba. Gwamnatin ma baki biyu ta yi, Warren yace mutum ɗaya ne, kwamitin majalisar wakilai a 1979 yace mai yiwuwa haɗa baki ne bisa wani faifan sauti, a 1982 masana kimiyya suka ce faifan bai nuna haka ba. Abin da Branch ya iya cimmawa a ƙarshe shine eh an ƙulla, amma ƙulli ne sakwa-sakwa na mutane masu mantuwa da shirme da son zuciya, wanda arashi ne ya kai shi ga nasara. Kaga wannan baya gamsar da kowa. Mai cewa Oswald ne shi kaɗai bai ji daɗi ba, marubucin jarida George Will har cewa ya yi littafin ɓarna ce ga adabi da rashin kishin ƙasa, mai neman babban ubangida a bayan labule shi ma bai samu ba.

Ga abin da nake ganin shine ƙashin bayan maganar duka. A cikin littafin labari babu arashi. In marubuci ya nuna maka wani mai tabo a goshi a babi na 2 ka san zai dawo, dan akwai hannun da ya ajiye shi a wurin. Duk mai karatu an horar da shi a kan haka tun yana yaro. Shi mai cutar zargi da wannan idon yake karanta duniya, a wajensa ruwa baya tsami banza, ko da yaushe, a ko'ina. Misali, Oswald ya samu aiki a ma'ajiyar littattafan makaranta ta Texas a tsakiyar Oktoba 1963, matar da iyalinsa ke zaune a gidanta ce ta ji a bakin maƙwabciya cewa ana iya samun aiki a can, hanyar da ayarin shugaban ƙasa zai bi kuwa sai a Nuwamba aka tsayar. A rayuwa irin wannan na faruwa kullum. Amma ka saka shi a littafi, ba mai karatun da zai yarda ba shiri bane. Marubutan nan sun san cewa a duk duniyar littafinsu mai ƙulla makirci na gaskiya ɗaya ne, su kansu, kuma sana'arsu da ta mai shaci-faɗi ɗaya ce, ɗauko abubuwa warwatse a ɗaure su da zare. Shi yasa jigon ya kama su haka, kansu suke bincike.

Pynchon shi ya fi kowa wasa da wannan. A The Crying of Lot 49, 1966, wata matar aure a Kaliforniya, Oedipa Maas, aka naɗa ta mai kula da wasiyyar tsohon saurayinta attajiri, sai ta fara ganin wata alama, ƙaho mai toshe a baki, a bangon banɗaki, a kan sarki, a zobe, ko'ina. Ta bi zaren ya kaita ga Tristero, wani gidan waya na ɓoye da wai yake gaba da gidan Thurn und Taxis tun ƙarni na 16. Su Thurn und Taxis gaskiya ne, sun riƙe aikin wasiƙu a Turai ɗaruruwan shekaru, Tristero kuma Pynchon ne ya ƙaga, ya ɗinka su tare yadda baka ganin bakin ɗinkin. Ita kanta ta lissafa: ko dai abin gaskiya ne, ko ita ce ta zare, ko mamacin ne ya kashe kuɗi ya shirya mata wasa, ko ita ce take raya cewa an shirya mata. Littafin ya ƙare tana zaune a ɗakin gwanjo ana shirin kiran kaya mai lamba 49, ƙila wakilin ƙungiyar na cikin ɗakin. Shikenan. Ɗalibai na kan ji haushi a nan, ni kuma ina ganin haushin nan shine darasin, dan yunwar da kaji ta a gaya maka ita ce dai yunwar Oedipa.

Gravity's Rainbow, 1973, ya faɗaɗa abin zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Rokar V-2 ta Jamus da ta fara faɗa wa Landan a Satumba 1944 ta fi sauti gudu, sai ta fashe sannan kaji ƙarar zuwanta, sakamako ya riga dalili kenan. Wani sojan Amurka, Tyrone Slothrop, yana da taswirar Landan da yake manna taurari a duk inda ya yi budurwa, sai aka lura duk inda ya manna roka na faɗawa bayan 'yan kwanaki. Wani likita mai bin tafarkin Pavlov, masanin Rasha da ya yi suna da gwajin ɗabi'a a kan karnuka, ya dage lallai akwai dalili a jikin yaron, wani masanin ƙididdiga mai suna Roger Mexico yace babu komai, haka abin da ke faɗowa barkatai yake rarrabuwa a lissafi. A bayan wannan barkwancin akwai tarihi mai nauyi da ba ƙage ba: yarjejeniyar kamfanin IG Farben na Jamus da Standard Oil na Amurka, fursunonin sansanin Dora da suka ƙera rokar a cikin ramin dutse har waɗanda suka mutu wajen ƙera ta suka fi waɗanda ta kashe yawa, kwashe injiniyoyin rokar su Wernher von Braun zuwa Amurka bayan yaƙi, da kisan ƙare dangi da Jamus ta yi wa ƙabilar Herero a Namibiya daga 1904, wanda Pynchon ya rubuta a kai tun lokacin da 'yan kaɗan ne ke ambatonsa. Shi kansa ya yi aiki a Boeing yana rubuta bayanan makamai masu linzami kafin ya zama marubuci, ba daga nesa yake hange ba. Kuma a littafin ne ya faɗi abin da ya fi komai bayyana ciwon: akwai kishiyar zargi, yanayin da babu abin da ke haɗe da komai, kuma kaɗan ne cikinmu ke iya jure wannan na dogon lokaci. Wato gara ace akwai mugu a kan sitiyari da ace motar ba direba.

Eco kuma ta ɗaya gefen ya ɓullo. A Foucault's Pendulum, 1988, editoci uku ne a wani kamfanin ɗab'i a Milan, Casaubon da Belbo da Diotallevi, sun gaji da karanta rubutun masu ƙungiyoyin asiri, sai suka ce bari mu ma mu haɗa namu dan nishaɗi. Suna zuba tarkacen bayanai a kwamfutar Belbo tana cakuɗa musu, suna ɗaurewa. Tushen wasan wata tsohuwar takarda ce da wani kanar ya kawo, rabinta a goge, wai saƙon 'yan Templar ne, ƙungiyar mayaƙan Kirista da sarkin Faransa ya kame a 1307, suna tsara haɗuwa a wurare shida duk bayan shekara 120 har su karɓe duniya. Wurin da na fi so a littafin shine inda Lia, abokiyar zaman Casaubon, ta karɓi takardar ta ɗauko littafin jagorar masu yawon buɗe ido na garin Provins ta zauna da ita kwana biyu. Ta dawo tace wannan lissafin ɗan kasuwa ne. Garin ya shahara da yadi da furen wardi. Keken ciyawa kuɗi kaza, sababbin yadi a kai titi kaza, damin furanni shida-shida a wurare shida, kowanne kuɗinsa 20, jimla 120. Shekarun 120 da aka gina daular asiri a kansu kuɗin fure ne. Ta gaya masa gaskiya tsirararta, shi kuma ya ji, amma ya kasa saki dan nasu labarin ya fi daɗi. Ƙarshenta masu neman asirin na gaske suka ji labari suka yarda, suka kama Belbo suna neman ya faɗi sirrin da babu shi, ya ƙi cewa komai, ya mutu rataye a jikin wayar ƙwallon lilon Foucault a gidan tarihin kimiyya na Faris.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta tsakiya, ko suna rura wutar. Amsata ita ce haɗarin gaskiya ne, kuma ba wanda ya nuna shi kamar Eco ɗin. Ka bi asalin takardar nan ta jabu da ake kira Protocols of the Elders of Zion, wadda aka fara bugawa a Rasha a 1903 wai bayanan taron sirrin Yahudawa ne na mallake duniya. A 1921 wakilin jaridar Times ta Landan, Philip Graves, ya nuna an kwafo manyan sassanta daga littafin zambo da Maurice Joly ya rubuta a 1864 yana sukar Napoleon na 3, littafin da ba ruwansa da Yahudawa sam. Shi kuma hoton taron dare na sirri da wai shugabannin Yahudawa suka yi a maƙabartar Prague daga ƙagaggen labarin wani Bajamushe ne, Hermann Goedsche, mai suna Biarritz, 1868, aka yanko babin aka riƙa buga shi a matsayin jawabin gaske. Eco ya bi sawun har zuwa labaran Alexandre Dumas da Eugène Sue, inda masu taron 'yan Firimason ne ko limaman Jesuit. Fage ɗaya ne, sunan mugun kawai ake canzawa. Fallasar 1921 bata hana komai ba, jaridar Henry Ford ta yaɗa abin a Amurka, 'yan Nazi suka koyar da shi. Eco ya maida wannan tarihin littafi a 2010, The Prague Cemetery, inda kusan kowa mutumin gaske ne banda maƙeryacin da ke tsakiya, Simonini, kuma duk da niyyarsa a fili take sai da jaridar fadar Paparoma da babban malamin Yahudawan Rum suka nuna damuwa cewa mai karatu na iya haɗiye dafin ya manta maganin. Ban ce basu da hujja ba.

Dan haka ni ma'aunin da nake amfani da shi biyu ne. Wa aka bar wa kalmar ƙarshe, sannan wa aka nuna da yatsa. The Da Vinci Code na Dan Brown, 2003, kayan Eco ne sak, Templar da asirin zuriya, amma ya buɗe da shafi yana cewa ƙungiyar Priory of Sion gaskiya ce tun 1099, alhali wani Bafaranshe Pierre Plantard ne ya yi mata rajista a 1956 aka kuma cusa takardun bogi a babban laburaren Faransa. A can ba Lia, jarumi ya warware asiri mai karatu ya tashi yana jin ya fi kowa sani. Eco da aka tambaye shi cewa ya yi ai Dan Brown ɗaya ne daga cikin mutanen da ya ƙirƙira a littafinsa. Maganar yatsa kuwa, in littafi ya nuna tsari, kamfani, hukuma, kuɗi, ana iya bincikawa a tabbatar ko a ƙaryata. In ya nuna wata ƙabila ko wani addini yace jininsu ne haka, an bar adabi an shiga wani abu daban.

Sannan zargi ba iri ɗaya bane ga kowa, wannan su Hofstadter basu ba shi haƙƙinsa ba. Ishmael Reed a Mumbo Jumbo, 1972, shekarar da aka fallasa Tuskegee, ya juya abin gaba ɗaya: a Harlem ta shekarun 1920 wata annoba ta rawa da kiɗa mai suna Jes Grew na yaɗuwa, wata tsohuwar ƙungiyar asiri ta Turawa da wani ɗan Templar na ƙoƙarin murƙushe ta, a gefe kuma Amurka na mamaye da Haiti, mamayar da ta faru da gaske daga 1915 zuwa 1934 amma a littafin ana yi kamar ba a san da ita ba. Reed da dariya yake yi, da hotuna da bayanan ƙasan shafi kamar littafin makaranta, amma abin da yake cewa ba wasa bane, ga wasu mutanen tarihin hukuma shine shaci-faɗin. Masanin adabi Fredric Jameson ya taɓa cewa tunanin maƙarƙashiya taswirar talaka ce, wadda yake zanawa dan ya gane tsarin duniya da ya fi ƙarfin idonsa. Rabin maganar na karɓa, tsarin kuɗi da makamai na yanzu ba mai iya ganinsa gaba ɗaya, dole mutum ya bashi fuska da suna. Amma maganar talaka ban yarda ba, Henry Ford ba talaka bane, kuma James Angleton da ya shekara 20 yana shugabantar sashen farautar 'yan leƙen asirin abokan gaba a CIA ya kusa durƙusar da sashen Sobiyet na hukumar da zargin abokan aikinsa.

Game da intanet, ina ganin laifin da za a ɗora wa littattafan nan kaɗan ne, masu yaɗa shaci-faɗi ba Pynchon suke karantawa ba. Bambancin ma a fili yake, Oedipa da Branch suna shakkar kansu, suna tambayar ko ni ne na zare, abin da ke yawo a Facebook kuwa ba shakka a cikinsa ko ɗigo, sau da yawa ma ko wahalar tara hujjar ba a yi. Inda zan ɗan kama su shine sun sa shakka ta zama ado, har wasu masu karatu suka fita da cewa tunda kowane tarihi tsararre ne to duk ɗaya ne. Littattafan kansu basu ce haka ba, a Libra Kennedy ya mutu da gaske, a Pynchon fursunonin Dora sun mutu da gaske.

Maganar da wanne zaka fara, ɗauki Lot 49, bai kai shafi 200 ba, zaka gama shi a 'yan kwanaki ka san ko salon ya karɓe ka. Daga nan Libra. Foucault's Pendulum sai ka yi haƙuri da farkonsa, da gangan Eco yake jibga maka sunaye har kai ma ka fara haɗa naka zaren. In kana son ganin jigon a wata ƙasa banda Amurka da Italiya nemi The Shape of the Ruins na Juan Gabriel Vásquez, 2015, kan kisan ɗan siyasar Kolombiya Jorge Eliécer Gaitán a Bogota a 1948, shima wanda ake zargi jama'a suka kashe shi nan take kafin ya buɗe baki. Gravity's Rainbow ka bar shi ƙarshe, ya haura shafi 700, alƙalan kyautar Pulitzer sun zaɓe shi a 1974 hukumar kyautar ta ƙi amincewa aka bar shekarar ba wanda ya ci. In ka shiga kar ka wahalar da kanka da riƙe sunaye, mutanen ciki sun kai wajen 400, kuma shi Slothrop ɗin ma tun kafin ƙarshe yake watsewa ba a sake haɗa shi.